Suna na uba, goyo na uwa: haihuwa da ciyar da ƴaƴa a karkarar Maradi

In ka zauna da dattijo a gindin dogon yaro a wani ƙauye na Gidan Rumji ko Tasawa, ka tambaye shi ƴaƴansa nawa, da wuya ya ba ka adadi kai tsaye. Zai yi murmushi ya ce Alhamdu lillahi, Allah ya bayar. Ba a ƙirga ƴaƴa a bainar jama'a, saboda baki. In ka matsa masa sai ya soma bi ɗaki-ɗaki, na uwargida, na ta tsakiya, na amarya, can kuma ya tuna da biyu na wadda suka rabu da ita tun da jimawa. Matarsa kuwa, in wata mace ta tambaye ta a tsakar gida, amsarta kashi biyu take zuwa: haihuwa goma, bakwai na raye. Shi waɗanda ke amsa sunansa yake ƙirgawa. Ita cikin da ta ɗauka take ƙirgawa, har da waɗanda aka rufe a bayan gari.

Lissafin hukuma ma ya rabu biyu haka, sai dai ɗaya kawai ake ta faɗa a rediyo. Babban binciken lafiya da yawan al'umma na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a tsawon rayuwarta, ta jihar Maradi kuma 8.4. Wani binciken na 2021 ya sauko da adadin ƙasa baki ɗaya zuwa 6.2. Duk waɗannan alƙaluma na mata ne, don su ake yi wa tambaya, su kuma ake tarawa a likita ana yi musu bayanin tazarar haihuwa. A 2017 wani masanin ƙidayar jama'a ɗan ƙasar Beljiyam, Bruno Schoumaker, ya juya tambayar, ya lissafa haihuwar maza a ƙasashen duniya. Nijar ce ta zo kan gaba, namiji guda da ƴaƴa sama da 13.

To ta yaya? Kowane ɗa uwa ɗaya gare shi da uba ɗaya, yaya za a yi na maza ya kusa ninka na mata? Amsar da ake bayarwa a majalisar shayi ita ce wai mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba. Ƙidayar 2012 ba ta goyi bayan wannan magana ba, maza da mata kusan kunnen doki suka yi. Abin yana cikin shekaru. Yarinya a Nijar takan shiga ɗakin miji kafin ta cika 16, saurayi kuwa sai ya kai 24 ko 25. In zai ƙara ta biyu yana ɗan 40, ba sa'arsa zai auro ba, ƴar 16 zai nema ko ƙaramar bazawara. Al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari kowace shekara, kamar yadda ƙidayar ta nuna, tana ninka kanta cikin shekara 18 ko kusa da haka. Ke nan kowane rukuni na ƴan baya ya fi na gabansa yawa. Maza 100 masu shekara 30, in suka waiga wajen mata masu shekara 20, za su tarar da 140 ko fiye. Daga wannan rarar ake samun ta biyu da ta uku, ba tare da an bar wani gwauro ba. Ƙara da cewa bazawara ba ta daɗewa a gidan iyaye, tana gama idda masu nema sun fito, sannan haihuwar mace tana tsayawa kafin 50, ta namiji kuwa takan kai shi har furfura. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan aure a Nijar da kishiya suke zaune, a Maradi abin ya zarce haka.

Wannan bambanci na adadi shi ne tushen sauran. Mace mai ƴaƴa bakwai, bakwai ɗin nan su ne duk duniyarta. Mijinta mai goma sha huɗu, rabin hankalinsa da rabin rumbunsa ne kawai za su iya zuwa kansu, in ma ya yi adalci.

Masu zuwa daga waje da motocin ƙungiyoyi sukan ɗauka maza ne ke son ƴaƴa, mata tilasta musu ake yi. Wanda ya zauna da mata ya san ba haka lamarin yake ba. A binciken 2012, da aka tambayi mata ƴaƴa nawa suke so, amsarsu ta kai wajen tara, ta maza wajen sha ɗaya. Duka biyun suna so, dalilan ne ba ɗaya ba. Na namiji a fili yake: hannu a gandu, yawan zuriya, surukai a ƙauyuka, girma a ƙofar mai gari, ga kuma maganar da kowa ya haddace, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Shekarar da aya ko wake suka yi kuɗi, ka duba yawan ɗaurin aure bayan kaka, da yawa ƙari ne.

Dalilin mace ya fi wannan zurfi, kuma a ganina shi ne ba a cika yin bayaninsa ba. Matar aure a karkara baƙuwa ce a gidan da take zaune. Gidan na dangin miji ne, gonar tasu ce, rumbun nasu ne, kuma kalma ɗaya na iya fitar da ita da tsakar dare. Abin da ke kafa ta a gidan shi ne haihuwa. Dubi rabon gado. In miji ya rasu ya bar ƴaƴa, tumunin dukiyarsa ne na matansa, kashi ɗaya cikin takwas, kuma su duka za su raba shi, ko su biyu ne ko huɗu. A ce mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata biyu da gonar da za a kasa 16. Matan za su ɗauki kashi ɗaya-ɗaya, saura 14 na ƴaƴa, namiji biyu mace ɗaya. Uwargida mai maza huɗu da mata biyu, ɗakinta ya tashi da 11. Amarya mai namiji ɗaya da mata biyu, nata ya tashi da 5. Babu macen ƙauye da ke buƙatar malami ya yi mata wannan lissafi, ta gan shi a gidan ubanta. Shi ya sa in kishiya ta samu ciki, ɗayar ba ta son a bar ta a baya, ko da na goye bai fara tafiya ba. Shi ya sa kuma wadda ba ta haihu ba, ko mai haihuwar mata zalla, take zaune a ɗosane.

Harshenmu da kansa ya tona wannan asiri. Wanda kuka fi kusa da shi sai ka ce ɗan'uwana, wato ɗan uwa. Gaba da ƙyashi kuwa ƴan ubanci ake ce musu. Gida na uba ne, amma zumunci a ɗaki yake. Yaron da ya tafi bida Kano ko Agadas, in ya samu, abin da ya aiko a fili na Baba ne, wanda ya ƙulle ya ba amintacce ya ce a damƙa wa Inna hannu da hannu, shi ne na zuciya. Uwa ta san da haka tun tana goyo. Ga wadda ba ta da albashi, ba ta da fansho, ba ta da takardar gona, ƴaƴa su ne ajiyarta ta tsufa. Kuma an daɗe ana haihuwa da tsoron mutuwa: a farkon shekarun 1990, cikin yara 1000 da aka haifa a Nijar, sama da 300 ba sa kai shekara biyar. Zuwa 2012 adadin ya sauko 127, amma matan da suka binne uku ko huɗu su ne iyaye da surukan amaren yau, kuma su ke ba da shawara.

Sai dai kuɗin wannan ajiya da jiki ake biyansa, kuma jikin mutum ɗaya ne. Wata tara na ciki, tana daka tana jan ruwa har ranar naƙuda. Kwana arba'in na wankan jego da kunun kanwa. Kusan shekara biyu na shayarwa. In ta yi haka sau takwas, ta ba da shekara ashirin na ƙuruciyarta tsakanin ciki da goyo. A Nijar, mata 76 cikin ɗari an yi musu aure kafin 18, kuma alƙaluman da UNICEF ke bayarwa kan Maradi sun kai 89. Ƙugun ƴar 15 sau da yawa bai gama buɗewa ba. In naƙuda ta yi tsawo a ƙauyen da sai an nemo amalanke ko babur, ana iya rasa ɗan, uwar kuma ta tashi da yoyon fitsari. Ba banza ba aka buɗe cibiyar aikin wannan lalura a Danja, kusa da Maradi, a 2012. Da yawa daga masu zuwa can, auren ya mutu tun kafin su iso.

Akwai kuma kwanika, wadda a nan aka fi sani da rurrutsa, wato ciki ya shiga alhali na goye bai isa yaye ba. Al'ada ta ce nonon mai ciki ya ɓaci, sai a cire yaro rana ɗaya, a kai shi wajen kaka, a ɗora shi kan hura. Daga nan zawo, daga zawo tamowa. Wa ake zargi? Uwar. Ita mata ke yi wa habaici a bakin rijiya, kamar ita kaɗai ta yi cikin. A da, mace kan yi dogon zama a gidan iyayenta bayan haihuwa, miji kuma yana da wani ɗakin, wannan kan sa tazara ta samu da kanta. Yanzu an rage zaman, maganin tazara kuma ko da yake kyauta ne a likita, sai da yardar maigida a mafi yawan gidaje, in ba haka ba a sha a ɓoye. A 2012 matan aure wajen 12 cikin ɗari ne kawai ke amfani da hanyoyin zamani. Wannan ne ya sa aka ɓullo da makarantar mazaje, wadda UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, ta soma a Damagaram wajen 2008 kafin ta yaɗu zuwa Maradi da sauran jihohi: a tara magidanta su tattauna awon ciki da haihuwa a likita. Dabara ce mai kyau, don ta gane wanda ke riƙe da izini. Amma magana ce ta izini, ba ta taɓa batun rumbu ba.

A rumbun nan gizo ke saƙa. Tsarin da kakanni suka bari yana da ma'auni. Akwai gandu, babbar gonar gida a hannun maigida, kowa na yi mata aiki, daga cikinta ake ci, a biya haraji, a yi sutura. Akwai gamana, ɗan yankin da ake yanka wa kowace mace da kowane saurayi, su noma a ranakunsu ko da yamma bayan an tashi daga gandu. Abin da mace ta samu a gamana nata ne: hatsi kaɗan, gyaɗa, riɗi, kuɓewa, yakuwa. Bayan kaka, a gidaje da yawa maigida kan ɗebo wa kowace mace dammunanta, ya liƙe rumbun gandu, ya tafi cin rani. Ba mugunta ba ce a asali, yana tanadin iri ne da abincin da za a ci lokacin noma. Amma ma'anarsa ita ce, watannin rani, in dammunan sun ƙare, mace ce ke ciyar da kanta da ƴaƴanta daga gamanarta da sana'arta.

Tsarin ya yi aiki lokacin da akwai daji. Yanzu babu. Jihar Maradi ta haura mutum miliyan 3.4 a ƙidayar 2012, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƴan ƙasa, a kan ɗan yankin da ke wajen kashi uku cikin ɗari na faɗin Nijar, kuma yawancinsu a kudu suke cunkushe, Madarumfa, Agye, Gidan Rumji, Tasawa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki ashirin ke kallonta. Saura ta ƙare, ƙasa ta gaji. In gona ta matse, wa ake fara hanawa? Masu bincike biyu, Marthe Diarra Doka da Marie Monimart, sun rubuta a 2004 yadda ake zare mata daga noma a kudancin Maradi: amaren da ke shigowa ba a yanka musu gamana, wani lokaci kuma a ce ai kulle ake yi musu. Kulle a da alama ce ta mai hali, wanda ya ɗauke wa matarsa komai har ruwa da itace. Wannan sabon kuwa hutu ne daga gona kawai, ana hana ta noma don babu abin ba ta, amma nauyin miyar ƴaƴa na nan a kanta. Gadon gona ma haka. Shari'a ta ba ƴa mace rabonta, dokar karkara ta 1993 ba ta hana ta mallakar ƙasa ba, amma sau da yawa ƴan'uwanta maza ke riƙewa, su ce ai tana gidan wani. Ita ma takan yi shiru, don gidan nan nasu shi ne mafakarta ranar da aure ya mutu.

Shekarar 2005 ta fito da wannan a fili. Bayan fari da fara na 2004, hatsi ya yi tsada, kuma abin da ya ba duniya mamaki shi ne yaran da suka cika cibiyoyin ƙungiyar likitoci ta MSF da tamowa daga nan suka fi fitowa, daga yankin da ake kira rumbun ƙasa, alhali kasuwar Maradi cike take da buhuna. An yi ta bayani kan farashi da ƴan kasuwa da fitar da hatsi Najeriya, duk gaskiya ne. Abin da aka fi jinkirin ganewa shi ne, hatsi na iya kasancewa a gari, har ma a gida, bai kai ƙwaryar yaro ɗan wata goma sha takwas ba, don tsakaninsa da hatsin akwai maganar wa ke da mabuɗi. Haihuwar guzuma aka gani a layukan nan, ɗa kwance uwa kwance.

In ka bi kashe-kashen gida ɗaya bayan ɗaya, za ka ga yadda rabon yake. Na maigida manya ne, masu lokaci, masu shaidu: ragon suna, goro, kayan salla, hatsin damina, kuɗin auren ɗa namiji. Na mace ƙanana ne, kullum, ba mai gani: gishiri, daddawa, mai, nonon dama hura, sabulu, niƙa, dala biyar ta ƙosai da safe, takalmin roba, alli da littafin lakwal. Rago sau ɗaya ake yanka shi gari ya shaida. Miya kuwa sau 365 ake kaɗa ta a shekara. Yaro ya kwana da zazzaɓi, ta ce, Malam, yaron nan jikinsa ya yi zafi. Ya ce, Allah ya sawwaƙe, ki kai shi likita, ai kyauta ne. Gaskiyarsa, tun 2006, zamanin Tandja Mamadou, aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Amma kuɗin babur ba kyauta ba ne, ranar da ta rasa ta sana'a ba kyauta ba ce, kuma in maganin ya yanke aka rubuta mata takarda, sai ta waiwayi akuya.

Jar akuyar Maradi, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ita ce bankin matan karkara. Tana haihuwa da wuri, sau da yawa tagwaye, ga nono ga kuɗin gaggawa. Bayanta sai asusu da adashi. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da ƙungiyar agaji ta CARE ta soma a jihar nan a 1991, yau an kwaikwaye su a ƙasashe da dama: mata su zuba kuɗi kowane mako, su ranta wa junansu, su raba a ƙarshen zango. Sun ceci gidaje ba adadi. Amma akwai abin da nakan lura da shi, wanda ba a son faɗa a taron ƙungiyoyi. Sau da yawa in mace ta samu, maigida sai ya ja hannunsa daidai gwargwadon samunta. An ƙara mata ƙarfi, an ƙara mata kaya. Mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa kuma, in tana cikin kulle, ƙafarta ita ce ɗiyarta. Yarinya ta ɗauki talla, lakwal ya zama na ƙannenta maza, duk da dokar 2017 da ta ce a bar ƴaƴa mata a makaranta har 16.

Kada a ce na ɗora wa maza laifin duniya. Magidancin ƙauye yau yana cikin gaba kura baya sayaki. Abin da ya noma ba ya kai shi wata shida. Bidar da yake zuwa ba yawon shan iska ba ce: dako a Kano, ga-ruwa a Legas, ramin zinariya a Jado, hamadar Libiya da wasu ba su dawo ba. Najeriya ta rufe iyaka a 2019, takunkumi ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, naira ta faɗi har abin da ya tara a wata uku in ya canza shi zuwa sefa sai ya ji kunyar shiga gida. A yankin Madarumfa da Gidan Rumji ga ƴan bindiga sun hana noma gonakin nesa. Akwai maza da yawa da ke hana cikinsu don ƴaƴansu, kowa ya san irinsu. Abin da nake nunawa shi ne, in namiji ya gaza yana da ƙofar fita, ya yi nisa, ya yi shiru, ko ya saki. Mace in ta gaza, yaron na nan a bayanta yana kuka.

Saki shi ne inda komai ke bayyana, kuma a nan ne al'ada ta fi yi wa addini kwaskwarima. Abin da ke cikin littafi a sarari yake. Suratul Baƙara, aya ta 233, ta ɗora wa uba ciyarwa da tufatar da mai shayar da ɗansa. Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce a ciyar da wadda aka saki da ciki har ta haihu, in ta shayar kuma a biya ta lada. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Maradi har Tsibiri, ta ce bayan saki reno na uwa ne, ɗa namiji har ya balaga, ƴa mace har ta yi aure ta tare, in uwar ta rasu ko ta yi wani aure sai renon ya koma ga kaka, sannan ƴar'uwar uwa. Ciyarwa kuwa duk tsawon wannan lokaci a wuyan uba take. Ke nan a mazhabar Malikiyya da muke bi, yaro na hannun uwa, kuɗi na fitowa daga aljihun uba.

A ƙauye an kifar da abin. Abin da aka sani shi ne ɗa na uba ne, in an yaye shi, ko in ya kai shekara bakwai, a mayar da shi gidansu. Kafin nan kuwa, shekarun da ya fi cin wahala da kuɗi, yana wajen uwa, abin da uban zai aiko kuma sai yadda ya ga dama: tiya biyu bayan kaka, ɗan yadi da salla, ko babu. Watau uwa ta yi renon lokacin da yaro kaya ne, uba ya karɓa lokacin da ya isa kiwo da aike. Malaman da ke ɗaga murya kan haƙƙin miji na ƙara aure, ban cika jin sun ɗaga ta haka kan ladan shayarwa ba, alhali duka a Alƙur'ani ɗaya suke.

Dokar ƙasa ba ta cike giɓin ba. Nijar har yau ba ta da kundin dokar iyali. An yi yunƙuri a farkon shekarun 1990, ƙungiyoyin addini suka tashi, aka janye. An sake gwadawa wajen 2011, haka aka ƙare. Dokar tsarin kotuna ta bar aure da saki da riƙon ƴaƴa da gado a hannun al'adar masu ƙara, alƙali na zama da masana al'ada a gefensa, sarakuna da masu gari kuma aikinsu sulhu. Mace na iya zuwa jastis ta nemi a yanka wa uban yara abin da zai riƙa bayarwa, kuma akan yanka. In ma'aikaci ne mai albashi, akwai inda za a kama. Manomi mai gona ɗaya da mata biyu, wanda rabin shekara ba ya ƙasar, me za a kama? Ga kuɗin mota zuwa birni, ga jeka-ka-dawo, ga surutun gari cewa ta kai uban ƴaƴanta ƙara, abin da za a riƙa goranta wa yaran har girmansu.

Amma babban abin da ke rufe bakin mata ba wannan ba ne. Kalma ɗaya ce: in ba ki iyawa, kawo mini ɗana. Duk wadda ta nemi kuɗin ciyarwa ta san da wannan amsa, kuma ta san inda yaron zai faɗa, hannun kishiyar uwa. Ba lallai muguwa ba ce, mace ce mai nata biyar da tiyar da ba a ƙara mata ba. Don haka uwa takan zaɓi ta ci wahalarta ta riƙe ɗanta, uban kuma ya samu sauƙi biyu, bai biya ba, ba a kuma ce ya ƙi ɗansa ba. In ta samu wani mijin, sabuwar matsala: ta tafi da yaro ya zama agola, mai cin tuwon da ba na ubansa ba, ko ta bar shi wajen tsohuwarta. Yawanci wajen tsohuwar yake ƙarewa. Ka shiga kowane ƙauye za ka tarar da irin waɗannan kakanni, mace ta haura sittin, ta gama nata renon tun tuni, ga jikoki uku na ɗiyanta mata da aurensu ya mutu, tana tsinkar zogale da tafasa tana haɗa musu abin kai wa baka. A nan al'ada ta bi tsarin Risala daidai, reno ya koma ga kaka. Rabin maganar da ya shafi aljihun uba ne aka manta a hanya.

Sai yarinyar ta kai goma sha huɗu, masu so suka fara zuwa. Ranar nan za a nemi uban, don shi ne waliyyi, ba a ɗaura aure sai da shi ko wakilinsa. Zai zo da babbar riga, a kai masa gaisuwa da goro, a ƙirga sadaki a gabansa, maroƙi ya kira sunansa da na kakansa. A cikin gida kuwa uwar ta sayar da awaki uku, ta kwashe zubinta na asusu, ta bi ƙawayen da ta yi wa biki shekara da shekaru su rama mata, don gado da katifa da kwanoni da labule duk ita ake kallo, in ɗakin bai cika ba ita za a zaga. In an kai amarya, bayan shekara ta samu ciki na fari, wajen uwar za a maido ta goyon ciki, ita za ta nemi itacen wanka na kwana arba'in.